Yadda Muka Yi Atisayen Kwando a Gonar Sajan

Ka yarda ko kar ka yarda, ni dai ba zan rantse ba, don ko na rantse cewa za ka yi ai na saba. Amma ƙungiyar ƙwallon kwandon kwalejinmu, wadda yau yara ke hawa katanga don su kalle ta, ba a kan siminti aka gina ta ba. A gonar dawa aka gina ta, can bayan Zuru, a gaban wani tsohon soja da ya kusa raka mu da sanda. In ka ga labarin ya yi maka kiɓa, zubar da rabi ka riƙe rabi, wanda ya rage ma ya ishe ka.

Bari in fara gaya maka yadda muke kafin sabon koci ya zo. Mu ba ƙungiya ba ce, taron 'yan gudun lacca ne. Filinmu shi ne siminti mafi santsi a duk kwalejin, don haka matan ma'aikata suka mai da shi wurin shanya. Yau barkono, gobe kuɓewa, jibi garin rogo. In kana son atisaye sai ka fara gaida masu shanya, ka roƙi a ɗan janye tabarma. Akwai ranar da na yi dogon jifa ƙwallo ta faɗa cikin barkono, duk wanda ya taɓa ta ya koma ɗaki yana hawaye, mutane suka ɗauka kishin wasa ne ya fara shigar mu. Kwando ɗaya ya sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kama ranar kasuwa, ɗayan kuma ba raga, ƙarfe ne tsirara. In baƙi suka zo wasa, mai rubuta maki alli ke ƙare mishi a ɓangarensu. Namu ɓangaren allon ƙadangaru ke shan hantsi a kai.

Cutarmu ɗaya ce. Duk wanda ƙwallo ta shiga hannunshi, ta zama gadon ubanshi. Ka yi ta ɗaga hannu kana ihu har muryarka ta dishe, ba zai gan ka ba, 'yan matan da ke bakin fili yake kallo.

Tsohon kocinmu mutumin kirki ne, sai dai ƙwallon ƙafa ce a ranshi, kwandon liƙa mishi aka yi. Da ya yi ritaya aka kawo mana wani Bakano gajere mai sanƙo, usur a wuya, Hausarshi kamar an kunna rediyo. Ranar farko shi da kanshi ya je ya durƙusa wa masu shanya, ya taya su kwashe barkono, ya nema musu wani wuri bayan ɗakin gwaje-gwaje. Sannan ya tara mu ya ce, "Doka ɗaya ce a nan. Duk wanda bai zo atisaye ba, in ba a gadon asibiti yake ba, ya ajiye mini riga."

Muka yi dariya, don mun sha jin irin wannan. Ba a daɗe ba kyaftin ɗinmu ya tsallake atisaye ya tafi bikin suna Dirin Daji, ya dawo da nama a leda yana rabawa. Koci ya karɓi nashi yanki, ya ci, ya yi wa jariri addu'a, ya goge baki, sannan ya miƙa hannu ya ce, "Riga." Daga ranar dariya ta ƙare.

Ni ya bar ni ne ba don iyawa ba. Ni ɗan gari ne, ubana na sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, ni kuma in ba lacca kabu-kabu nake yi. Koci ya ce bakina ya fi hannuna amfani, in zauna a benci in riƙa rikita baƙi. Na ce mishi aikin da aka haife ni dominshi ke nan.

Babban abin da koci ya tsinta shi ne abokin ɗakina. Mu dai dogo muke ce mishi. Ɗan wani ƙauye ne a cikin duwatsu ta wajen Mahuta, Kirista, ba ya magana sai dole. In ya kwanta a gadon makaranta ƙafafunshi maƙwabta suke gaisarwa. Koci ya gan shi yana canza ƙwan lantarki a baranda ba tare da ya taka kujera ba, ya tsaya yana kallo kamar wanda ya ga watan Sallah. Dogo bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, amma ya yi kokawa a garinsu, in ya kafa ƙafa ko bijimi sai ya zagaya. A kanshi koci ya ɗora komai. Dabarar gaba ɗaya ba ta wuce wannan ba: ku ruga, ku miƙa wa juna, ku kai wa dogo. Rugawar muka iya, miƙawar ce ta gagara.

Aka sa mana wasan farko a ƙarƙashin sabon koci. 'Yan wata kwaleji ne daga Birnin Kebbi, waɗanda duk shekara suke zuwa su wanke mu su shanya. Muna cikin shiri, wata rana na dawo daga lacca na tarar da dogo zaune a bakin gado, kwanon abinci a gabanshi bai taɓa ba. Wannan mutumin da ko zazzaɓi ba ya raba shi da kwano.

Na ce, "Dogo, wa ya mutu?"

Ya ce, "Dawa ta nuna."

"To madalla. Kai kuma sai ka yi zaman makoki don dawa ta nuna?"

"Ta Baba ce."

Baban da yake nufi ba ubanshi ba ne, uban yarinyar da yake nema ne. A wajensu ba a ɗaukar mata da daɗin baki. Akwai abin da suke kira golmo, saurayi ya je gonar uban yarinya ya yi aiki shi da sa'o'inshi, shekara bayan shekara, har tsoho ya gamsu ɗiyarshi ba za ta kwana da yunwa ba. Zamani ya sassauta abin, gidaje da yawa ma sun bari. Amma wannan tsohon sajan ne mai ritaya, duk abin da ya ji an sassauta shi kuma sai ya ƙara ɗaure shi. Dogo ya yi mishi shekarun da aka yanka, bana ce ta ƙarshe, ya yi noma ya yi maimai a lokacin hutu, girbi kawai ya rage.

Matsalar, sa'o'in dogo duk sun watse. Wasu sun shiga soja, wasu suna gadi a Legas. In shi kaɗai ya shiga gonar nan sai ya share sati ya ɗora, wasanmu kuwa Asabar ta sama ne. Kuma tsohon ya haɗo saƙon da ƙarin bayani, wai akwai wani kofur da ya zo hutu, yana yawan zuwa gaisuwa da katan ɗin lemo.

Ka ga lissafin. In dogo ya tafi, koci ya karɓi riga. In ya zauna, kofur ya karɓi mata.

Na ce mishi ya ci abincinshi, in je in dawo. Na sami koci a kan tsani yana ɗaura sabuwar raga.

"Koci, ka taɓa tambayar kanka me ya sa duk barikin da ka shiga a ƙasar nan sai ka ji ana yaren Zuru?"

"Me kake so?"

"Golmo ne sirrin. Atisaye ne da ko Turawa ba su gano shi ba. Mutum ya yi wuni ɗaya ƙirjinshi ya buɗe kamar ƙofar gareji."

"Na ce me kake so?"

Sai na gaya mishi gaskiya, wadda ba ta saba fita daga bakina ba rakiya ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Doka ba ta da suruki."

"Haka ne, Koci. Amma in dogo ya tafi, wa zai tsaya ƙarƙashin kwando ranar wasa?" Ban jira amsa ba. Na ce, "Ni ne ke bin shi a tsawo fa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ni da iska ke karkatar da ni in na sa babbar riga. Ya runtse ido kamar wanda haƙori ya sara.

"Gonar nan, yaya girmanta?"

"'Yar mitsitsiya. Kamar filin nan biyu. Kafin rana ta yi zafi mun gama muna shan kunu."

Ni ko a mafarki ban taɓa ganin gonar ba.

Ya sauko daga tsani ya ce, "Asabar ɗin nan a can za a yi atisaye. Wanda bai zo ba ya ajiye riga."

Na nemo mana wata tsohuwar bas a tasha, ta wani abokina. Muka tashi bayan sallar asuba, dogo a gaba gwiwoyinshi na dukan gilashi. Da muka sauka na tambaye shi ina iyakar gonar. Ya nuna wani dutse can nesa, wanda sai ka kare ido da tafin hannu kafin ka hango shi. Koci ya juyo a hankali ya zuba mini ido.

Na ce, "Wallahi girma ta yi, Koci. Damina ta yi kyau bana."

Sajan na tsaye a bakin gona yana jiran mu. Siriri ne kamar bulala, da tsohuwar suwaitar soja, sanda a hammata. Bai ce sannu da zuwa ba, cewa ya yi mu jeru. Muka jeru. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya kamar ana fareti, har ya iso kan koci. Ya tsaya, ya waiwayi dogo, wanda tun da muka sauka idonshi ke kan yatsun ƙafarshi.

"Ka ce sa'o'inka za ka kawo. Wannan mai sanƙon tare aka yi muku kaciya?"

Koci ya ce, "Ni malaminsu ne, Baba."

"Gonata ba malami. Wanda ya tako, ya ɗauki lauje. Wannan na wuyanka fa?"

"Usur ne."

"Na san usur tun ba a haife ka ba. Kawo shi. A nan mutum ɗaya ke ba da oda."

Wallahi da idona na ga koci ya cire usur ya miƙa da hannu biyu. Na so in yi dariya, na tuna riga, na haɗiye.

Aka raba mu. Masu ƙarfi suna kwantar da kara, na bayansu suna yanke zangarniya, na ƙarshe suna ɗaurewa, ƙananan ɗauri, don tsoho ya ce bakin rumbunshi ba shi da faɗi. Rabin 'yan wasanmu 'ya'yan bariki ne, a Kaduna da Inugu da Legas suka tashi, dawa a tuwo kawai suka san ta. Kafin hantsi ƙaiƙayi ya shiga rigunanmu, kowa na susa kamar an sako mana ƙudan zuma. Wani ya yanki yatsa ya ce a kai shi asibiti, koci ya ce ai kwanciya a gadon asibiti ya faɗa, ba yankan yatsa ba. Amma wani abu ya fara faruwa. A gona in ka riƙe abin hannunka kana yanga, layi gaba ɗaya ya tsaya, kuma sandar sajan tana nan kusa. Mutanen da ba su taɓa miƙa wa juna ko gishiri ba, sai ga su suna, "Karɓi! Karɓi!" Na lura koci ya miƙe daga sunkuyo yana kallon abin, laujen a hannu.

Da rana ta take sai ga yarinyar da uwarta da wasu mata, ɗauke da kunu da tuwon dawa. Sajan ya sa aka kawo mana ruwan alwala ba tare da mun tambaya ba, mu Musulmi muka yi azahar a gindin ɗorawa. Yarinyar 'yar gajera ce mai idon rashin tsoro, ta dube mu a jere mun yi buɗu-buɗu ta ce wa uwarta wani abu da yarensu, matan suka fashe da dariya. Dogo kuwa ba ya cin abinci gaban surukai, don haka ya ɗauki kwanonshi ya je ya ɓuya bayan wani suri. Surin ya rufe shi zuwa ƙugu. Ya zauna, kanshi ya leƙo. Ya kwanta, ƙafafu suka fito ta ɗaya gefen. Haka ya ci tuwon nan a kishingiɗe, duk duniya na kallon shi, shi kuma a ranshi ya ɓuya.

Bayan la'asar muka kai dutsen nan. Kar ka tambaye ni yadda aka yi, ni ma da aka ce an gama sai da na nemi shaida. Amalanken shanu ya kwashe dawar zuwa ƙofar gidan sajan, ta taru kamar tudu. Saura a shigar da ita tsakar gida a zuba a rumbu, wanda aka riga aka cire mishi hular ciyawa, bakinshi a buɗe can sama. Sajan ya koma gona duba ko mun bar wani abu. Direbanmu kuma ya fara danna ham, wai hanyar duwatsun nan ba ta biyuwa in rana ta faɗi, in ba mu fito ba zai tafi ya bar mu.

Koci ya dubi tudun dawa, ya dubi rumbu, ya dubi bakin nan zagayayye a sama. Na ga idonshi ya yi wani haske, na san mun shiga uku.

"Ku jeru daga ƙofa zuwa rumbu! Tazara! Daga ƙirji zuwa ƙirji, kar wanda ya riƙe! Dogo, kai ne a ƙarshe."

Dogo ya ce, "Koci, ba a…" Amma a gidan surukai yake, ba ya ɗaga murya, ham ɗin direba ya haɗiye sauran maganar.

"Ƙarƙashin kwando na ce!"

Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Dawa na tashi a iska daga hannu zuwa hannu, ba ta taɓa ƙasa, ta isa ga dogo, ya ɗan miƙe ya saka ta a bakin rumbu, fuf. Wata na shiga wata na tafe. Ni na hau turmi ina sharhi kamar gidan rediyo, "Ya karɓa, ya miƙa, ya ba dogo, ta shiga! Birnin Kebbi ku yi kuka!" Koci na tafi yana tsalle, yana laluben usur a wuya ya manta an ƙwace. Tun da ya zo kwalejin ranar ce ya fara ganin abin da yake ta faɗa da baki.

Ina cikin sharhi na ji muryata ita kaɗai ke tashi. Na waiwaya. Uwar yarinya ta dafe baki da hannu biyu. Sajan na tsaye a ƙofa. Sai a lokacin muka dubi ƙasa. Tun daga ƙofa har gindin rumbu ƙwayar dawa ce a warwatse, ja wur, duk jifa ɗaya sai ta zube, kajin unguwa kaf sun hallara suna bikin da ba su taɓa gani ba.

A gidan nan ba a jifa da hatsi. Ɗaukar shi ake a ka, a miƙa hannu da hannu, wani ya shiga rumbu ya jera. Dogo ya sani, abin da ya so faɗa ke nan.

Sajan bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tako a hankali yana kauce wa ƙwayar, ya tsaya gaban dogo ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Abincin shekara ka mai da abin wasa. Haka za ka riƙe mini ɗiya? Kwashi mutanenka ku bar mini gida."

Dogo ya durƙusa. Ko a durƙushe sun kusa yin kai ɗaya. Mun zo gyara mishi aure, mun ƙarasa abin da kofur bai iya ba da katan ɗin lemonshi.

Sai koci ya matso. Mutumin da bai taɓa ce wa kowa yi haƙuri ba, ya cire hular da ya sa saboda rana, sanƙo ya fito fili.

"Baba, ni na ba da oda. Ya buɗe baki zai hana, na rufe mishi. Kai soja ne. In oda ta ɓaci, wa ake kamawa, mai bayarwa ko mai bi?"

Sajan ya juyo da dukan jikinshi.

"Na ce maka mutum ɗaya ke ba da oda a nan."

"Ka faɗa, Baba."

"To ga oda. Tunda kai ne gajere, shiga rumbun. Duk abin da kuka jefa ka fito da shi, a sake jerawa kamar 'ya'yan mutane. Sauran ku tsince mini ƙwayata."

Dogo ne ya ɗaga koci ya zura shi ta bakin rumbu kamar ana saka guga a rijiya. Muna jin atishawarshi daga ciki kamar ana harba bindigar toka. Mu kuma muka bazu a tsakar gida a tsugune, muna kokawa da kaji a kan ƙwaya. Wani zakara ya sare ni a hannu, har yau in na ga dangin shi a kasuwa sai na yi ciniki don in rama. Matan suka ji tausayi suka kawo tsintsiya da faifai suka taya mu sheƙewa. Direba ma ya gaji da ham ya shigo ya kama. Aka sake miƙa dawa ɗauri bayan ɗauri, a hankali, hannu da hannu, kamar ana miƙa jariri ranar suna.

Ana kiran magariba aka ciro koci. Ya fito fari fat, ido ja, ƙaiƙayi har cikin kunne. Sajan ya leƙa rumbu, ya sauko, ya zaro usur daga aljihu ya miƙa mishi.

"Ku tafi. Zan zo in ga wasan da ke sa mutum mai hankali ya yi jifa da abinci."

Maganar ɗiya kuwa, ko uffan.

Satin nan dogo bai rasa atisaye ko ɗaya ba, amma jikinshi ne kawai ke zuwa. Yarinyar ta kira shi ta ce Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, kofur kuma ya sake zuwa, wannan karon har da burodi. Na ce wa dogo kar ya damu, mutumin da ke neman aure da burodi ba zai yi nisa ba. Bai yi dariya ba. Mu kuwa sauran, abin mamaki, ƙwallo ta daina manne mana a hannu. Duk wanda ya riƙe ta ya wuce kima sai wani ya yi mishi tsawa da muryar sajan, ya sake ta ba shiri.

Ranar wasa ni aka tura in ɗauko tsohon a tasha. Ya zo da hular soja da takalmi ya sha goga, ya ƙi kujerar manyan baƙi, ya zauna a ƙarshen bencinmu, sanda a kan cinya. Bai san dokar wasan ba, bai kuma tambaya ba.

Baƙi suka shigo suna taunar cingam, sun zo cin bagas kamar kullum. Sai suka ga ƙwallo na yawo tsakaninmu ba su san inda za su tare ba. Su saka, mu saka. Mai allo ya juyo yana tambaya ko da gaske ne, don hannunshi bai san hanyar ɓangarenmu ba. Da suka gane daga ina bala'in ke fitowa, sai suka sa wani ƙato mai wuya kamar turmi ya manne wa dogo. Ture, taka ƙafa, jan riga, alƙali bai gani ba. Dogo bai rama ba. Ana dab da tashi, muna bin su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, dogo ya yi sama zai saka, ƙaton ya kai mishi gwiwar hannu a baki. Jini ya fito.

Kafin alƙali ya kai usur baki, sajan ya riga ya shiga fili da sanda a sama.

"Kai! Ɗan wa ye kai? Ka sake taɓa mini suruki ka gani!"

Ƙaton ya ja da baya yana neman bayan alƙali. Ni da koci muka riƙo tsohon muna ba shi haƙuri, amma kunnena na kan kalmar nan. Suruki. A gaban shugaban kwaleji, a gaban masu shanya, a gaban baƙi daga Birnin Kebbi. Na dubi dogo. Ya tsaya da jini a leɓe, bakin a buɗe, kunya da murna sun haɗu sun rasa wanda zai fara fita.

Aka ba shi jifa biyu. Hannun da ke ɗaga buhu kamar matashin kai, ranar ƙwallo ta fi ƙarfinshi. Ta farko ko allon ba ta taɓa ba, ta tafi wajen masu sayar da rake. Ta biyu ta zagaya ƙarfe kamar tana shawara, sannan ta faɗa. Ba ta isa ba. Aka tashi sun fi mu da ɗan kaɗan.

In ka ga yadda muka yi murna sai ka ce kofin duniya muka ɗauko. Muka yi yunƙurin ɗaga dogo sama, muka kasa, muka ɗaga koci a madadinshi. Yana sama yana ihu, "An cinye ku fa! Litinin atisaye, wanda bai zo ba ya ajiye riga!" amma haƙoranshi duk a waje. Dogo kuma ya sulale ya ɓace, don yanzu da abin ya tabbata kunyar ta ninku, ba zai iya haɗa hanya da tsohon ba.

Ni na mai da sajan tasha. Muna tafe a kan babur, iska na kaɗawa, na ji raina fes kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Bakina kuwa ka san ba ya zama banza. Na ɗan karkato kai na ce, "Baba, ka ga dai irin wahalar da muka sha a kan ɗiyar nan taka. Ni ma ɗan gidan mutunci ne, ga sana'a a hannu. Ko tana da ƙanwa?"

Ya ɗan zungure ni da sanda a haƙarƙari.

"Tana da ƙanwa. Amma tunda nake ban taɓa ganin mai neman aure ya juya wa uban yarinya ƙeya ba sai kai. Dubi hanya, ɗan banza, kar ka kashe ni ban aurar da yayar ba."